Likita ya ce mu kai Baba gida, Yaya ya ce kada a gaya masa komai

Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 68. Wata uku ke nan yana ramewa, idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. An kwantar da shi a wani babban asibiti, aka yi hoton ciki da gwajin jini. Likita ya ja Yayanmu gefe ya yi masa bayani da Turanci, ya ce ciwon daji ne a hanta kuma ya bazu. Shi kuwa Baba abin da aka gaya masa shi ne, “Shawara ce, za mu ɗora ka a kan magani.” Shekaranjiya wani likitan ya ce mana, “Babu abin da za mu iya yi, ku kai shi gida ku ci gaba da addu'a.” Jiya kuma wani ya tambayi Yaya ko muna so a yi masa komai idan numfashinsa ya tsaya. Yaya ya ce a yi komai. Yanzu yana maganar a sayar da gonar Baba a fita da shi waje, kuma ya hana kowa gaya masa gaskiya, wai zai karaya. Baba yana cikin hankalinsa ras. Daren jiya ya riƙe hannuna ya ce, “Me kuke ɓoye mini?” Na ce ba komai. Ban runtsa ba. Me ya kamata in yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sauƙaƙa wa Baba, ya ba ku ladan jinya.

A cikin wasiƙarki akwai maganganu uku daga bakin likitoci uku, kuma kowacce ta tura ku wata hanya daban: ɗaya ta sa rai, ɗaya ta cire rai, ɗaya ta sa Yayanki ya amsa abin da ba a fayyace masa ba. Har yanzu ba wanda ya tambayi mai jikin. Muna ganin nan ne matsalar take, kuma gyaranta yana yiwuwa cikin kwana ɗaya ko biyu in kun san abin da za ku tambaya.

Mu fara da kalmar magani. Kunnen Bahaushe idan ya ji “za mu ɗora ka a kan magani,” warkewa yake ji. A bakin likita kuwa kalmar tana ɗauke da abu uku da ba su da haɗi. Akwai maganin da ke kawar da cuta gaba ɗaya. Akwai wanda ke jinkirta ta kawai. Akwai kuma wanda bai taɓa cutar ba, wahalarta yake ragewa. Ciwon dajin hanta ana iya kawar da shi idan an kama shi yana ƙarami, a yanke wurin, ko a ƙona shi, ko a yi dashen hanta. Idan ya bazu, ga ciki ya tara ruwa, ga ido ya yi ɗorawa, to yawanci an wuce wannan matakin, a Kano ne ko a Alƙahira ko a Indiya. Akwai ƙwayar da ake kira Sorafenib wadda ake bayarwa don jinkirtawa. A babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 2008, tsaka-tsakin rayuwar waɗanda suka sha ta wata 10.7 ne, waɗanda ba su sha ba wata 7.9, wato bambancin bai kai wata uku ba, kuma an yi gwajin ne a kan mutanen da hantarsu ke aiki da ƙarfinta. Tana da tsada, tana kawo gudawa da kasala da ciwon tafin hannu da na ƙafa. Saboda haka kafin a kira dillalin gona, Yaya ya tsaya gaban babban likitan sashen, ba wanda ya zo zagaye da dare ba, ya yi masa tambaya ɗaya: “Wannan maganin, warkarwa zai yi, ko jinkirtawa, ko rage wahala?” Sannan ya bi da ta biyu: “In mun kai shi waje, me za su yi masa wanda ba a iya yi a nan, kuma jikinsa zai ɗauka?” Ku nemi a rubuta muku rahoto, a haɗa da hotunan, ku aika wa asibitin wajen su duba tun kafin a sayi tikiti. Gonar nan kuma ta Baba ce. Ba a sayar da dukiyar mai hankali don jinyarsa ba tare da ya san me ake saya da kuɗin ba.

“Babu abin da za mu iya yi” magana ce da muke so likitocinmu su daina, domin ba gaskiya ba ce. Abin da likitan yake nufi shi ne babu abin da zai kawar da cutar. Amma iyali sukan ji ta a matsayin kora, su naɗe tabarma su tafi gida hannu rabbana, mara lafiya ya ƙarasa kwanakinsa yana murƙususu. Ga abin da ake iya yi. Ruwan da ya taru a ciki ana zuƙe shi da allura, lita 3 zuwa 5 a zama ɗaya, nan take numfashi ya buɗe, mutum ya iya kwanciya ya ɗan ci abinci. Ruwan zai sake taruwa cikin kwanaki ko makonni, don haka a tsara ranar dawowa tun kafin a tafi. Raɗaɗi ana kashe shi mataki-mataki. Farasitamol ga mai ciwon hanta kada ya wuce giram 2 a yini, wato ƙwaya 4 masu miligiram 500. Diclofenac da ibuprofen da danginsu, waɗanda mai kemis ke miƙa wa duk wanda ya ce jikinsa na ciwo, a nisanta su da Baba ƙwarai, domin suna iya jawo aman jini su kuma taɓa ƙoda. Idan ciwon ya yi tsanani, mofin na ruwa da ake sha ta baki shi ne maganinsa. Ana farawa da kaɗan, kamar miligiram 2.5, kuma ga mai raunin hanta likita yakan tsawaita tazarar da ke tsakanin sha da sha. Ana ba da shi bisa agogo, ba sai ciwo ya tashi mutum yana salati ba. Yana ƙulle ciki, don haka dole a haɗa shi da maganin sassauta bayan gida tun ranar farko. Kada a haɗa shi da allurar pentazocine da ake yawan yi a ɗakunan jinya, domin tana rage masa ƙarfi. Za ku ji masu cewa mofin allurar sallama ce, ana ba wanda aka fid da rai da shi don ya tafi da wuri. Ba haka ba ne. Idan an auna shi daidai, barci yake ba mutum da sukunin yin salla da magana da 'ya'yansa. Ku tambaya ko asibitin yana da sashen kula da masu raɗaɗi da cutar da ba ta warkewa. Wasu manyan asibitocin koyarwa suna da shi, kuma sau da yawa sai an tambaya ake tura mutum.

A nan akwai laifin harshenmu ma, ba na likita kaɗai ba. Duk wanda aka ce masa “ya jiki?” amsarsa “da sauƙi,” ko da hanjinsa na tsinkewa. Dattijo kamar Baba ba zai yi raki gaban 'ya'yansa da surukansa ba. Likita ya zo zagaye, ya ji “da sauƙi, alhamdu lillahi,” ya rubuta cewa ciwo ya lafa, ya wuce gado na gaba. Ku canza tambayar. Ku ce, “Baba, a cikin yatsu goma, ciwon nan ya kai nawa yanzu?” Ku tambaye shi ko ya hana shi barci, ko yana iya juyawa ba tare da ya cije baki ba. Ku rubuta amsar safe da yamma a ɗan littafi ku nuna wa likita. Da wannan ake daidaita awon magani.

Sai tambayar da aka yi wa Yaya, wadda ita ce ta fi damun mu. Babu ɗan halak da za a ce masa “kana so a yi wa mahaifinka komai?” ya ce a'a. Tambayar ta riga ta zaɓa masa amsa. Bari mu gaya miki abin da “komai” yake nufi a ranar. Idan zuciya ta tsaya, za a janye matashin kai, a buɗe ƙirji, ma'aikaci ya ɗora hannu biyu a tsakiyarsa yana dannawa da nauyin jikinsa, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Ga tsoho ramamme haƙarƙari yakan karye. Za a zura bututu ta maƙogwaro, a yi allurai, wani lokaci a buga masa lantarki. Ku kuwa za a fitar da ku waje a ja labule. An ƙirƙiro wannan aikin ne don wanda zuciyarsa ta tsaya ba zato sauran jikinsa lafiya lau, kuma a nan yana ceton rai. Ga wanda ciwon daji ya gama da hantarsa, zuciya ita ce ta ƙarshen tsayawa. Ko an tashe ta, abin da ya tsayar da ita yana nan. Kaɗan ƙwarai ne a cikin irin waɗannan majinyata suke fita asibiti da rai bayan hakan. Wanda zuciyarsa ta dawo, yawanci ɗakin kulawa ta musamman ake kai shi a jona masa na'urar numfashi, ba ya magana, kuɗi na tafiya kullum, kuma ba mai zama kusa da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada.

Da an ce wa Yaya, “Idan ajali ya zo, kuna so a bar shi cikin natsuwa kuna gefensa, ko a gwada danna ƙirji wanda da wuya ya yi amfani a halinsa?”, da wataƙila amsarsa ta bambanta. Ku koma ku ce a sake tambayar a haka. Ku kuma sani cewa idan aka rubuta a fayil kada a danna ƙirji, wanda likitoci ke taƙaitawa da haruffan DNR, wannan abu ɗaya kawai ya hana. Bai hana maganin ciwo ba, bai hana iskar oksijin ko zuƙe ruwa ko wanka da juyi ba. In kun ga kulawa ta ja baya bayan an rubuta, ku yi magana da shugabar nas-nas ta ɗakin.

Mun san abin da ke ƙasan zuciyar Yaya: tsoron kada ya zama ya bar mahaifinsa ya mutu, Allah ya tambaye shi. Malamai sun duba wannan. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya, a shekarar 1409 ta Hijira, ya ce idan ƙwararrun likitoci uku amintattu suka tabbatar cewa farfaɗo da majinyaci ba zai yi amfani ba, babu buƙatar a yi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana bambanta gwargwadon hali, wani lokaci wajibi, wani lokaci mustahabbi, wani lokaci halal kawai, kuma ta sa izinin majinyaci sharaɗi matuƙar yana da cikakken hankali. Barin abin da ba zai amfana ba daban, yin abin da zai kashe mutum daban. Na biyun haramun ne kuma laifi ne a dokar ƙasa, ba shi ake tambayar ku ba. Ku kai wa malamin da Baba ya yarda da shi bayanin likita yadda yake, ba guntu ba, ya zauna da Yaya.

Yanzu ga tambayarki ta ainihi. “Shawara ce” ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Kowa a gari ya san maganin shawara, don haka da yamma za ki ga galan-galan na jiƙe-jiƙe da saiwoyi suna shigowa daga masu ƙauna, hantar da ta riga ta gaji kuma ita ce za ta tace su. Mutumin da ya ɗauka shawara ce yana jiran ya tashi ya koma gona, ba zai yi maganar bashi ba, ba zai kira ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji ba. Kuma Baba ya riga ya gane. Wanda ya ga ana jan ɗansa gefe, ana sauya harshe zuwa Turanci a kansa, matarsa na fita tana share ido da bakin mayafi, ba ya buƙatar a karanta masa fayil. Abin da ɓoyewar ta ƙara masa shi ne kaɗaici: ya san abu, kun san abu, ba mai iya faɗa wa wani.

Doka ma tana tare da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin lafiyarsa, hanyoyin magani da ake da su, amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da haƙƙinsa na ƙin karɓa, kuma a harshen da yake fahimta gwargwadon iko. Ta bar ƙofar ɓoyewa ne kawai idan akwai hujja mai ƙarfi cewa faɗar za ta cutar da shi, kuma “zai karaya” daga bakin dangi bai kai wannan ba. Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Sa hannun Yaya a takardar izini ba ya maye gurbin na Baba muddin Baba yana gane abin da ake faɗa.

Wannan ba yana nufin ki je ki sauke masa labarin a ka kamar dutse ba. Haƙƙinsa ne ya sani, haƙƙinsa ne kuma ya ce ba ya son sani. Hanyar ita ce a tambaye shi nawa yake so. Ki fara da Yaya, cikin ladabi, ba a gaban mutane ba: “Yaya, ba cewa na yi a gaya masa ba. Cewa na yi a tambaye shi ko yana so a gaya masa.” In ya ƙi, ki nemi baffa ko kawu ko aminin Baba wanda Yaya ke jin nauyinsa. Sannan ku roƙi babban likita ya ba ku minti 20 a wuri mai sirri, a zaune, ba a tsaye a bakin gado mutane goma na saurare ba. A yi maganar da Hausa. In likitan ba ya jin Hausa, a samo nas ko wani likita ya yi tafinta, kada ya zama ɗan gida, domin ɗa ba ya iya fassara wa ubansa irin wannan magana ba tare da ya rage mata kaifi ba, likita zai faɗi jimla biyar, ɗan ya juya ya ce, “Ya ce za ka samu sauƙi.” A fara da jin ta bakin Baba: “Alhaji, me ka fahimta game da ciwon nan?” Sannan, “Kana so a yi maka bayanin duk abin da gwaji ya nuna, ko ka fi so a yi da wani cikin 'ya'yanka?” In ya ce a yi da Yaya, shi ke nan, ya wakilta shi da bakinsa, a rubuta a fayil. In ya ce a gaya masa, a faɗa a taƙaice da sunan cutar, ba “ƙari” ko “ɗan kumburi” ba, sannan a yi shiru. Shirun nan yana da nauyi, kada ku cike shi da “ba komai, za ka warke.” In ya tambayi saura kwana nawa, likitan kirki zai ce ajali na Allah ne, amma bisa abin da ake gani a irin wannan hali ana maganar makonni ne ko 'yan watanni, ba shekaru ba. A ƙarshe a ce ya maimaita abin da ya ji da kalmominsa, don a tabbatar ba a rabu kowa da tasa fahimtar ba.

Kada ku jinkirta wannan zaman. Ciwon hanta yana da wani hali: idan ta kasa tace guba, gubar takan hau kai. Alamar farko ita ce barcin rana da farkawar dare, sai mantuwa, sai hannu ya riƙa karkarwa in an miƙe shi, sai ruɗewa. Maƙarƙashiya, zubar jini a ciki da kamuwa da ƙwayar cuta suna tayar da shi, shi ya sa ake ba da laktulos don a riƙa fita bayan gida mai laushi sau 2 zuwa 3 a yini. Hankalin da Baba yake da shi ras a yau ba a da tabbacin yana nan mako mai zuwa. A cikin wannan sararin ne zai faɗi inda yake so ya yi jinya, wa zai yi magana a madadinsa in ya kasa, wa yake bi bashi, wa ke bin sa, amanar wa ke hannunsa. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce bai dace Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba, kuma wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya. A rubuta, a sa shaidu biyu.

In ya zaɓi gida, ku lura da takardar da za a miƙo muku. Akwai sallama ta yau da kullum, akwai kuma takardar da ke cewa kun ɗauke majinyaci ba da yardar likita ba. Tunda likita ne da kansa ya ce a tafi, ba ku da dalilin sa hannu a ta biyun. Ku fita da takardar sallama mai bayanin cutar, maganin aƙalla mako biyu da yadda za a sabunta shi, ranar dawowa zuƙe ruwa, da lambar wanda za a kira da dare. A gida a riƙa juya shi duk awa biyu saboda gyambon kwanciya. Cin abinci zai ragu, wannan aikin cutar ne, ba yunwa ce ke kashe shi ba. Cokali biyu na kunu ko farfesu da ya so sun fi kwano da aka ɗura masa ya shaƙe. Kada ku matsa a yi ta ƙarin ruwa don a ga ana yin wani abu, domin a wannan matakin ruwan ciki da ƙafa da huhu yake tafiya. Jiƙa leɓe da goge baki da auduga mai ɗanshi sun fi rage ƙishi. Ku ajiye tawul masu duhun launi kusa da gado saboda aman jini, in ya zo a kwantar da shi ta gefe.

Abu ɗaya da ya shafe ku ku da kanku: ki tambayi likita ko gwajin Baba ya nuna ƙwayar cutar hanta nau'in B, domin ita ce kan gaba wajen jawo wannan ciwon a ƙasashenmu, kuma tana zama a jiki shekaru ba alama. In ta nuna, Mama da abokan zamanta in akwai, da ku 'ya'yansa duka, da 'yan'uwansa na jini, kowa ya yi gwaji. Wanda ba shi da ita ya yi rigakafi, allura uku: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Wanda aka samu da ita ya ga likitan hanta, a duba ko yana buƙatar magani da hoton ciki duk wata shida.